Kafin ka sayi moto, ɗan'uwa

 

Kowace shekara in kaka ta yi, an ɗaure hatsi, an kai wake da gujiya da aya kasuwa, magana ɗaya ce ke yawo bakin samari da magidanta: moto. Wani zai sayar da sa. Wani zai haɗa kuɗin da ya samo wajen cin rani. Wani ma gonar gado yake so ya jinginar. Watakila kai ma kana cikin masu wannan shawara, ko ɗanka, ko ƙanenka.

Ni malamin karatun manya ne a jihar Maraɗi. Ƙauye 4 nake zagayawa, kuma shekara 7 ke nan kusan kullum ina bisa moto. Na hau shi da rani, na hau shi da damana, na hau shi cikin hazo da cikin dare. Don haka nake so in gaya maka yadda zaman mai moto yake, da daɗinshi da wuyarshi. Ba ni hana ka saye. Abin da nake so shi ne ka san nauyin da za ka ɗauka tun ba ka miƙa kuɗi ba. Moto shina gajarta hanya, gaskiya ne. Amma shina cin kuɗi kullum, kuma duk wanda ya hau bayanka ya damƙa maka ranshi.

Da da yanzu

Tsofaffinmu da ƙafa suka san tafiya, ko da jaki, ko da raƙumi, mai hali kuma da doki. Keke ya zo daga baya. Mahaifina ya ce mini sa'ad da yake saurayi, moto sai ma'aikacin gwamnati ko babban ɗan kasuwa. Zamanin Mobylette ke nan, ƴar ƙaramar nan ta Faransa mai feda kamar keke, wadda ake gauraya ma mai cikin esansi. Sannan na Japan suka shigo, su Yamaha da Honda da Suzuki, masu ƙarfi, masu tsada. Bayan shekarar 2000 sai babura na ƙasar Sin da na Indiya suka cika kasuwa, kuɗinsu ya sauko inda talaka zai iya kai hannu. Yau da wuya ka shiga ƙauye ba ka ji kukan moto ba. A Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Ƙonni, kabu-kabu ya zama sana'ar da ke ciyar da gidaje masu yawa.

Abin da moto ya kawo mana ba ƙarami ba ne. Ƙauyen da ke kilomita 20 daga gidan likita, da ƙafa awa 4 ne, in mutum shina da lafiya. Da moto ba ya cika awa guda. Mai tumatir shina kai kayanshi kasuwa tun ba su lalace ba. Mai gaisuwar rasuwa shina zuwa ya dawo ranar nan. Ni kaina, ba don moto ba, ƙauye guda zan iya riƙewa, sauran ukun sai su jira wani.

Safiyar mai moto

Ranar mai moto tun kafin ya hau take farawa. Kowace safiya, bayan na karya kumallo, minti 5 nake ba motona. Mai doki ba shi ɗora sirdi sai ya dubi kofato. Haka nan ni ma.

Da fari ina taɓa tayoyi in ji iskarsu, in duba ko ƙaya ta shige su. Sannan in zaro sandar awon mai in ga inda man inji ya tsaya. In ya yi ƙasa, in ƙara. In ya yi baƙi ƙirin ya tsinke kamar ruwa, lokacin canji ya yi. Sai in taɓa sarƙa. In ta saki da yawa tana iya faɗuwa kana cikin tafiya, ta cije ƙafar baya. In ta ɗaure da yawa tana cin haƙoran ƙarfe. Sakin da ya kai faɗin yatsa biyu shi ne daidai. Daga nan in gwada birkin gaba da na baya, in kunna fitila, in gyara madubi.

In na tada inji ba ni tashi nan take. Ina barinshi ya yi ɗan ɗumi, mai ya zagaya cikinshi, balle da sanyin hunturu.

A ƙarƙashin mazauni da cikin jikata akwai abin da ba ni rabuwa da shi: buji guda sabo, da makullin buji, da famfo, da kayan faci, da ƴar igiya, da goran ruwa. Cikin daji babu makanike. Wanda ya taɓa tura moto kilomita 5 cikin rairayi da rana tsaka ba sai an gaya mashi amfanin famfo ba.

Akwai wani abu da masu moto da yawa ke mantawa: soson da ke tace iskar da inji ke shaƙa. Ƙasarmu ƙasar ƙura ce. In soson ya toshe, moto shina shan esansi da yawa, ƙarfinshi kuma ya ragu. In ya yage, ƙura ta shiga ta ci inji kamar yadda tsakuwa ke cin haƙori. Da hunturu duk mako nake buɗe shi in kakkaɓe.

Hanya iri iri ce

Kowane lokaci na shekara da irin hanyarshi.

Da rani rairayi ne abokin gaba. Cikin rairayi mai zurfi kan moto shina rawa, kamar zai ƙwace daga hannunka. Dabarar ita ce ka sauko giya ta biyu, ka riƙe wuta daidai, ka ja jikinka baya kaɗan, ka dubi nesa. Kada ka damƙe birkin gaba, nan take za ka sha ƙasa. In tafiyar duk ta rairayi ce, rage iskar taya kaɗan shina taimako, amma in ka hau kwalta ka mayar da ita.

Da hunturu hazo ke rufe ido, sanyi kuma shina shiga ƙirji. Ina kunna fitila ko da rana, don mai zuwa ya gan ni. Ina sa riga mai kauri, in rufe hanci da baki.

Da damana kuwa ƙorama ce abin tsoro. Ruwan da aka yi can nesa shina iya cika ta alhali inda kake ko ɗigo bai sauka ba. Mutanen bakin Gulbin Maraɗi sun san haka sarai. In na iske ƙorama na gudu, ina sauka in duba. In ruwan ya kai gwiwa, ko shina da ƙarfin ja, ina zama in jira. Sau da yawa awa guda ko biyu sun isa ya janye. In kuwa moto ya nutse, kada ka tada shi. Ruwa ya shiga inji, tadawa ita ce za ta kashe shi. A zubar da mai, a busar, sannan a gwada.

Ban da lokaci, akwai masu hanya. Hanyar ƙauye ta kowa ce: amalanke, da jaki, da garken shanu, da mata masu itace, da yara masu tallar fura. Akuya ba ta san ham ba. In ka ga guda ta tsallaka, rage gudu, ƴaƴanta na biye. In ka iske garke, tsaya ka bar makiyayi ya wuce da dabbobinshi, ku gaisa. In za ka ratsa gari, shiga sannu. Ƙurar da kake tayarwa cikin abincin mutane take sauka, kuma yaro shina iya fitowa daga zaure a guje.

Babbar hanyar kwalta, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso, da Ƙonni, da Maraɗi, da Tasawa, har Damagaram da Difa, ita kuma dokarta dabam. Can manyan motoci ke mulki. Riƙe hannunka na dama. In babbar mota ta taho, ba ta wuri, don iskarta kaɗai tana iya ture ka. Da dare kuma ka tuna amalanke ba shi da fitila.

Moto shina ci

Yanzu mu zo ga aljihu. Kuɗin saye sau guda ake biyan su. Kuɗin riƙo kuwa ba su ƙarewa.

Ga nawa lissafin. A mako ina yin wajen kilomita 160. Motona shina shan lita guda a kilomita 40, wani lokaci fiye in rairayi ya yi yawa. Lita 4 ke nan a mako, wato wajen jika 2. A wata jika 8. Duk kilomita 1000 ina canja man inji, abin da makanikai ke ce ma bidanji. Ga faci, ga buji, ga ɗan abin da nake ajiyewa don ranar da taya ko sarƙa za su ƙare. In na haɗa duka, jika 12 ke fita a wata. A shekara jika 144. Je kasuwarku ka tambayi kuɗin tiyar hatsi, ka auna tiya nawa ke nan. Za ka ga moto shina ci kamar mutum guda cikin gida, wani lokaci kamar biyu.

Kuɗin esansi kuma ba a hannunmu suke ba. Ƙasarmu ta fara tace nata man a shekarar 2011, da aka buɗe matatar SORAZ arewa da Damagaram. Duk da haka, shekara da shekaru mu mutanen kudu esansin Najeriya muka fi sha, na ƴan ruwa-ruwa da ake sayarwa cikin kwalba bakin hanya, don ya fi araha. A watan Mayu na 2023 Najeriya ta janye tallafin da take ba mai, kuɗinshi ya tashi, mutane da yawa suka koma gidan mai. A 2024 gwamnati ta sauko da kuɗin lita zuwa tamma 499, dala 100 ke nan ba tamma guda. A watan Maris na 2025 kuma aka yi ƙarancin esansi, aka yi ta dogon layi a gidajen mai. Ka gani, cikin shekara 2 abin ya juya sau nawa. Wanda duk abincin gidanshi ya rataya bisa moto, ranar da babu esansi tukunyarshi ba ta hawa wuta.

In dole ka sayi na kwalba, ɗaga ta ka duba a rana. In ka ga ruwa ya kwanta ƙasa ko datti na yawo, bar shi. Tace shi da tsumma mai tsabta kafin ya shiga tanki. Kuma kada ka ajiye esansi cikin ɗakin kwana, ko kusa da murhu, ko inda yara ke kai hannu.

Ga mai son yin kabu-kabu, ga misali. Mu ce ka samu jika 4 a wuni. Esansi ya ci jika 1 da rabi. In moton na wani ne, mu ce ka ba mai shi jika 1 da rabi. Ka ware dala 100 don gyara. Abin da ya rage maka dala 100 ne. In moton naka ne, kada ka ce jika 1 da rabin nan riba ce. Moto shina tsufa, kuma na kabu-kabu ya fi saurin tsufa. In ka ajiye jika 1 da rabi kwana 300, ka tara jika 450, kuɗin da za su taimake ka ka sake wani. In ka cinye su, ranar da inji ya mutu ka koma ƙafa. Wannan misali ne kawai. Sa kuɗin garinku a wurin nawa, ka yi naka lissafin.

Na san wani saurayi a ɗaya daga ƙauyukan da nake zuwa. Ya sayar da shanun noma biyu ya sayi moto. Shekarar farko ya yi ta fantamawa, kowa na kiran sunanshi. Bai ajiye kome ba. Shekara ta uku inji ya buga, babu kuɗin gyara. Da damana ta faɗi sai ga shi shina neman aron shanu wajen wanda ya sayar ma nashi. Saniya tana haihuwa, gona tana ba da hatsi kowace shekara. Moto kuwa tun ranar da ya bar kanti darajarshi ke raguwa. Don haka shawarata, in za ka saya, saya da rarar da ka samu. Gona da shanun noma a bar su inda suke.

Mai moto na kowa ne

Akwai abin da ba a gaya ma mai sayen moto a kanti. Daga ranar da ka shigo da shi gari, ka zama na jama'a. Kai ne mai kai saƙo, kai ne mai sayo magani, kai ne mai ɗauko ungozoma. Da tsakar dare za a buga maka ƙofa: yaro ya suma da zazzaɓi, maciji ya sari wani a gona, mace tana naƙuda ta ƙi sauka.

Wani dare cikin watan Agusta na kwana a ƙauyen da nake koyarwa. Wajen ƙarfe 2 maigidan da ya sauke ni ya tashe ni, ya ce: «Malam, ka yi haƙuri, jikata ce, jikinta ya yi zafi har tana fizge-fizge.» Yarinyar ba ta wuce shekara 3 ba. Uwarta ta goya ta, ta hau bayana. An yi ruwa da maraice, hanya duk taɓo. Zuciyata tana ce mini in yi sauri, hankalina shina ce mini in muka faɗi babu mai kai mu. Da giya ta biyu muka tafi, kilomita 14, har gidan likita. Zazzaɓin cizon sauro ne. Aka yi mata allura, aka kwantar da ita, bayan kwana 3 suka koma gida. Abin da ya kai mu daren nan abu ne ƙarami: akwai esansi cikin tanki, fitila tana kamawa, taya tana da iska. Shi ya sa ba ni kwana da tanki babu kome. Kai ma in ka sayi moto, bar lita guda kullum saboda dare.

Ɗaukar marar lafiya da dabara ake yi. In ba shi iya riƙe kanshi, a sa shi tsakiya, wani mai ƙarfi ya zauna baya ya tallafe shi. Wanda maciji ya sara kada a tsaga wurin, kada a bar shi ya yi tafiya da ƙafa, a kai shi likita da hanzari. Mace mai ciki kuwa gara a kai ta tun naƙuda ba ta yi nisa ba, don girgizar moto wahala ce gare ta.

Amma zama na jama'a ba shi ne ka ce to ga kome ba. Aro na ɗaya daga abin da ke ɓata zumunci. Yaron da bai kai ba zai zo ya ce: «Baba, ba ni in ɗan zagaya.» Ƙaninka da bai iya ba zai ce kasuwa kawai za shi. In ka ba shi ya kaɗe ɗan wani, kai da shi duk kun shiga uku. Ni amsata guda ce ga kowa: in tafiyar ta zama dole, zo in kai ka. Da fari an ce ina da rowa. Yanzu an saba.

Haka nan lodi. Moto na mutum biyu ne. Mun saba ganin mutum 4 bisa guda, da buhu, da akuya a ɗaure. In kaya sun yi yawa baya, ƙafar gaba tana yin sauƙi, kan moto ba shi jin magana, birki kuma ba shi kamawa da wuri.

Ke kuma ƴar'uwa mai karatu, wannan taki ce. In za ki hau bayan moto, tattara zanenki da mayafinki ki riƙe su, kada bakinsu ya yi lilo kusa da ƙafar baya. Wayoyin ƙafa suna naɗe tufa su fizgo mutum ƙasa. Kula da bututun hayaƙi, shina ƙona ƙafa, balle ta yara. In mai moto shina gudun da ya ba ki tsoro, ce mashi ya rage. In ya ƙi, ce ya sauke ki. Kuɗinki kika biya, kuma ranki ne.

Gudu da kai

Samari suna son gudu. Bari mu auna abin da gudu ke ba mutum. Tafiyar kilomita 20, in kana yin 40 a awa, minti 30 ce. In kana yin 60, minti 20 ce. Ribarka minti 10, ko shayi ba ya dahuwa cikinsu. To me ka biya? Mai gudun 60 shina cin mita 17 cikin daƙiƙa guda. Kafin idonka ya ga jaki, ƙafarka ta kai ga birki, ka riga ka wuce tsawon ɗaki huɗu. Kuma in ka ninka gudu sau 2, nisan da za ka yi kana birki kafin ka tsaya shina ninkuwa sau 4. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta faɗa cikin rahotonta na 2023 cewa hatsarin hanya shina kashe mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 kowace shekara a duniya. Ta ce kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da samari ƴan shekara 5 zuwa 29. Mai mota ƙarfe ya kewaye shi. Mai moto jikinshi ne a waje.

Shi ya sa nake sa kaske, wato hular kwano, ko tafiyar kusa ce. An yi mini dariya. An ce zafi, an ce nauyi, an ce sai ka ce ɗan sama jannati. Zafin gaskiya ne, balle a watan Afrilu. Amma hannu in ya karye ana ɗora shi, ƙafa ma haka. Kai in ya fashe babu maɗori. Rawani da hula ba su tare dutse. Kaske kuma sai an ɗaure igiyarshi ƙarƙashin haɓa, in ba haka ba shi ke fara tashi kafin ka kai ƙasa. Takalmi rufaffe ya fi silifa, don yatsun ƙafa su ke fara gamuwa da kututture.

Akwai wata masifa da ta shiga cikin masu moto, ƙwayar nan tramol. Masu shan ta suna cewa tana kashe gajiya. Gajiyar tana nan, jinta ne kawai mutum ba shi yi. Tana rage hankali, tana sa mutum ya ga kamar babu abin da zai same shi, wani ma tana kayar da shi da farfaɗiya bisa hanya. Maganin gajiya barci ne. In ka ji ido na rufewa, nemi inuwa ka kwanta minti 20.

In ka iske hatsari, tsaya. Kawar da moto daga hanya, sa wani ya tsayar da masu zuwa. Inda jini ke zuba, danne da tsumma mai tsabta. Wanda ya suma kada a ɗura mashi ruwa. Wanda ke kukan wuya ko baya kada a naɗe shi bisa moto, a nemi mota ko amalanke a kwantar da shi miƙe. A manyan garuruwa ana kiran ƴan kwana-kwana a lamba 18, ƴan sanda a lamba 17.

Takardu da zaman lafiya

Kada ka sayi moto marar takarda, kome arahar shi. Araha irin wannan sau da yawa kayan sata ne, ranar da mai shi ya gane abinshi kai za a kama. Karɓi takardar saye mai sunanka da lambar inji. Yi takardar mallaka, da asiransi, da parmi. In jandarma ya tsayar da kai, mai takarda gaisuwa kawai yake yi ya wuce. Asiransi kuwa ranar da ka kaɗe wani za ka san amfaninta.

Wani dalili kuma ya ƙaru a zamanin nan. Masu ɗauke da makamai su ma moto suke hawa. Saboda haka a 2015 aka hana hawan moto a jihar Difa, lokacin da aka kafa dokar ta-ɓaci don rikicin Boko Haram. A farkon 2020 aka yi irin wannan hani a sassa da yawa na jihar Tilaberi. Manoma da ƴan kabu-kabu da ba su yi laifin kome ba sun sha wuya ƙwarai. Nan kudancin Maraɗi ma, wajen iyaka, ɓarayin shanu da masu satar mutane sun sa tafiyar dare ta zama abin tsoro. Don haka ina ƙoƙari in isa masauki kafin magariba. Ina gaya ma mutanen gida hanyar da zan bi. Baƙon da ban sani ba, in ya ce in kai shi daji da dare, ina ba shi haƙuri.

Abin da hanya ke koya ma mutum

Duk da abin da na lissafa, ina son motona. Da sassafe bayan ruwa, in ka bi tsakanin gonaki, hatsi ya yi kore, iska na bugunka, akwai daɗin da mai mota bai sani ba. Mai moto shina ganin ƙasa kusa. Ni ke fara sanin inda shuka ta yi kyau da inda tsutsa ta faɗa, in kai labari gaba. Na san rijiyar da ruwanta ya fi daɗi, na san mai facin da ba shi ha'inci. Ranar da motona ya mutu cikin daji, mai amalanke ne ya ɗora mu ni da shi har gari, ya ƙi karɓar ko dala. Tun daga nan ba ni wuce mai tura moto ban tsaya ba.

To ɗan'uwa, in har ka ƙudura saye, zauna da maiɗakinka da manyanka ku amsa tambayoyin nan. Kuɗin daga ina za su fito, rara ce ko abin noma ne za a taɓa? Wane aiki moton zai yi da zai biya abin da yake ci kowane wata? Wa zai koya maka tuƙi a fili, nesa da yara, kafin ka shiga gari? Cikin kuɗin ka ware na kaske da na takardu? In amsoshin sun kwantar maka da hankali, je ka saya, Allah ya sa albarka. In ba su kwantar ba, ƙara shekara guda kana tari. Kasuwar moto ba ta watsewa.

Allah ya kai mu lafiya, ya maido mu gida lafiya.